Akwatin Waliyyiya Ursula

Akwatin Ursula wani ƙaramin akwatin katako ne mai siffar coci, wanda mai zane Hans Memling ya ƙawata wa Asibitin Waliyyi Yohanna da ke Bruges, a Beljiyam. Ranar 21 ga Oktoba, 1489, aka adana ragowar waliyyai a cikinsa, masu ziyara na neman tabarruki.

Hotuna shida a gefunansa suna ba da hikayar Ursula: tafiyarta Rum da 'yan mata 11,000, da kisan da mayaƙan Hun suka yi musu a Kolon. Memling ya zana birnin Kolon da kulawa mai ban sha'awa, har da babban cocinsa da ba a kammala ba, na'urar ɗaga duwatsu tana bisa hasumiya.