Su wane ne ke karatun kula da albarkatun teku?

A jami'ar jihar Oregon da ke gaɓar tekun Pasifik, a arewa maso yammacin Amurka, akwai wani sashe da tun shekara ta 1974 yake ba da digiri na biyu a fannin kula da albarkatun teku. Ɗaliban wannan sashe dai ba daga hanya ɗaya suka fito ba, kuma abin da suke nazari ya fi shafar mutane da hanyoyin cin abincinsu, fiye da kifin kansa.

Mafarin wannan fanni

Ba a daɗe da fara koyar da wannan fanni a jami'o'i ba. Jami'ar Rhode Island ta buɗe nata sashen a shekara ta 1969, a daidai lokacin da ƙasashe suka fara ja-in-ja a kan iyakokin ruwansu. A 1976 Amurka ta kafa dokar da ta ba ta ikon mallakar kifin da ke cikin mil 200 daga gaɓarta, sannan a 1982 aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya game da dokar teku, wadda ta ba kowace ƙasa mai gaɓa irin wannan iko. Yarjejeniyar ta fara aiki a 1994.

Da mallaka ta zo, sai ɗawainiya ta biyo baya. Gwamnatoci suka wayi gari da buƙatar ma'aikatan da za su tsai da yawan kifin da za a kama, da wanda zai kama, da kuma lokacin da za a kama shi.

Abin da ya faru a Kanada ya nuna irin hasarar da ke tattare da kuskure a wannan aiki. A watan Yulin 1992 gwamnati ta hana kamun kifin kod a yankin Newfoundland, wato irin kifin nan da ƙasar Norway ke busarwa tana aikawa kasuwannin Najeriya, bayan da yawansa ya yi mummunar raguwa. Mutane kimanin dubu 30 ne suka rasa abin yi. Sai a 2024, bayan shekaru 32, aka ɗage haramcin.

Daga ina ɗaliban suke fitowa?

Akasarin masu shiga wannan karatu sun yi digirinsu na farko ne a kimiyyar halittu ko ta muhalli. To sai dai kuma ana samun waɗanda suka karanta tattalin arziki, ko siyasa, ko ilimin taswira da labarin ƙasa, ko aikin koyarwa.

Da dama daga cikinsu sukan taɓa aiki kafin su komo aji. Wasu sun yi aikin sa ido a jiragen kamun kifi na Alaska, inda ake ɗora ma'aikaci a jirgi ya shafe makonni yana aunawa da rubuta duk abin da koma ta jawo. Wasu sun yi aikin sa-kai a ƙauyukan masunta na ƙasashe masu tasowa. Akwai tsofaffin jami'an tsaron gaɓar teku, akwai kuma 'ya'yan masunta da suka tashi a kan sana'ar.

Wannan gamin gambiza da gangan ake yin sa. Masanin halittu zai iya ƙiyasta yawan kifin da ya rage a ruwa, amma ba shi ne zai faɗi yadda garin masunta zai rayu idan aka rufe kamun kifi na shekara guda ba. Don haka ake sa kowane ɗalibi ya ɗanɗana kimiyyar teku, da doka, da tattalin arziki, da kuma dabarun sasanta masu jayayya, kafin ya zaɓi batun da zai yi bincike a kai. Karatun yakan ɗauki kimanin shekaru biyu. Babbar harabar jami'ar tana garin Corvallis, yayin da cibiyar bincikenta ta Hatfield take garin Newport a bakin teku.

Batutuwan da suka fi jan hankali

Matsalolin da ke gaɓar Oregon su ne ke ba ɗaliban abin nazari. Na farko shi ne kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashe shi a kogi, ya girma a teku, sannan ya komo kogin domin yin ƙwai. Madatsun ruwa sun daɗe suna tare masa hanya. A kogin Klamath an shafe shekaru ana taƙaddama tsakanin manoman rani, da masunta, da ƙabilun 'yan asalin Amurka irin su Yurok da Karuk. A 2001 an hana manoma ruwa domin a ceci kifi, a 2002 kuma aka ba su ruwan, sai kifaye fiye da dubu 30 suka mutu. A 2024 aka kammala rushe madatsu huɗu a kogin, aikin da ba a taɓa yin mai girmansa a Amurka ba, kuma a shekarar ne aka sake ganin kifin a saman kogin, inda ya shafe fiye da shekaru ɗari bai kai ba.

Na biyu shi ne sauyin da ruwan teku yake yi. A tsakanin 2007 da 2008 wata babbar cibiyar kiwon kawa, wato dabbar ruwan nan mai ɓawo, ta yi ta asarar 'ya'yan da take renawa. Masu bincike na jami'ar suka gano cewa tsamin ruwa ne ya ƙaru, abin da ke da nasaba da iskar kabon da teku ke zuƙa. Kazalika a 2015 wata guba da ƙananan tsirran ruwa ke fitarwa ta tilasta jinkirta kamun ƙaguwa, wadda tana cikin abubuwan da suka fi kawo wa masuntan jihar kuɗi.

Na uku shi ne rabon fili a cikin teku. Tsakanin 2012 da 2016 jihar ta keɓe wurare biyar da aka hana kamun kifi a cikinsu baki ɗaya. Wasu ɗaliban sukan ƙirga kifin da ke waɗannan wurare, wasu kuma su bi gida-gida suna jin ta bakin masunta a kan abin da haramcin ya jawo musu. Haka nan akwai batun gwajin samar da wutar lantarki daga igiyar ruwa a kusa da Newport, a ruwan da masunta su ma suke da buƙata.

Ina suke zuwa bayan karatu?

Mafi yawansu sukan kama aiki da gwamnatin jiha, ko hukumomin ƙabilu, ko ƙungiyoyin kare muhalli, ko kuma hukumar kula da tekuna da yanayi ta Amurka, wato NOAA. Wata farfesa ta jami'ar, Jane Lubchenco, ta shugabanci wannan hukuma daga 2009 zuwa 2013. Sai dai a 2025 hukumar ta sallami ɗaruruwan ma'aikata, lamarin da ya rage ƙofofin aiki ga sababbin masu digiri.

A wasu ƙasashe

A birnin Malmo na ƙasar Suwidin akwai jami'ar harkokin teku ta duniya, wadda hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1983. A can akasarin ɗaliban ma'aikatan gwamnati ne daga ƙasashe masu tasowa, ciki har da Najeriya da Ghana, waɗanda kan koma bakin aikinsu bayan kammalawa. Ita ma Najeriya a 2023 ta kafa ma'aikata ta musamman domin tattalin arzikin teku.

Buƙatar irin waɗannan ƙwararru dai sai ƙaruwa take yi. Alƙaluman hukumar abinci da aikin gona ta duniya sun nuna cewa a 2021 kusan kashi 38 cikin ɗari na rukunonin kifin teku ana kama su ne fiye da yadda suke iya hayayyafa. Bugu da ƙari, a taron Montreal na watan Disambar 2022 ƙasashe sun yi alƙawarin kare kashi 30 cikin ɗari na tekunan duniya kafin shekara ta 2030, kuma a kan irin waɗannan ɗalibai ne aikin shata wuraren da shawo kan masunta zai faɗa.