Daga Aradu Zuwa Karaduwa: Tarihin Jirgin Yaƙi Ga Mai Ƙirƙirar Labari



Bara na fara rubuta wani labari a kan wata ƙasa da na ƙirƙira, na sa mata suna Dausayi. Na ba ta gaɓar teku, na ba ta abokan gaba, sannan na ƙera mata ƙaton jirgin yaƙi mai suna Guguwa. Igwa ashirin na ɗora masa, na lulluɓe shi da sulken da ba ya hujewa, na ce kuma babu jirgin da ya kai shi gudu. Da na karanta wa wani kawuna da ya yi aikin sojan ruwa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, a ina jirgin nan naka yake shan mai? In ya lalace wa zai gyara shi?" Na rasa amsa. Ni ɗan Kaikai ne, a yankin Kankiya da Kusada, tsakaninmu da tekun Legas akwai fiye da kilomita dubu. Amma rashin teku a ƙofar gida ba hujja ba ce ta yi wa mai karatu ƙaryar da ba ta da ƙafa. Tambayar kawu ce ta mayar da ni ga tarihi, ga kuma abin da na samo.

Irin jirgin da nake nufi shi ne wanda Turawa ke kira kuruza mai nauyi. Ba injiniya ne ya fara zana shi ba, yarjejeniya ce ta haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurka da Ingila da Japan da Faransa da Italiya sun ga gasar ƙera manyan jirage za ta talauta su. Sai suka zauna a Washinton, a watan Fabrairun 1922 suka sa hannu cewa, ban da 'yan manyan jiragen da aka ƙayyade wa kowa, kada wani jirgin yaƙi ya wuce tan 10,000, kada bakin igwarsa ya wuce inci 8, wato milimita 203. Abin da aka yi a matsayin iyaka sai ya koma abin da kowa ke hari, kowace ƙasa ta shiga ƙera jirgi daidai wannan ma'auni. A yarjejeniyar Landan ta 1930 aka raba su gida biyu: wanda igwarsa ta wuce milimita 155 shi ne mai nauyi, wanda bai wuce ba shi ne marar nauyi. Ashe nauyin da ke cikin sunan na igwa ne, ba na gangar jirgi ba.

Duk wanda ya taɓa yi wa amalanke lodi zai gane matsalar da injiniyoyin suka shiga. In ka ƙara buhun gero, dole ka rage na wake, in ba haka ba shanu su durƙushe. Tan 10,000 ɗin nan abu huɗu ne ke rabon sa: igwa, sulke, inji, da wurin ajiye man tafiya mai nisa. Ingila tana da yankunan mulkin mallaka a ko'ina, don haka jiragenta na ajin County suka ɗauki igwa takwas da mai da yawa, sulkensu kuwa ya zama siriri. Faransa ta zaɓi gudu, jirginta Duquesne kusan babu sulke a jikinsa. Italiya ta ba jiragen ajin Zara sulke mai kauri, amma sai da ta zarce ma'aunin da fiye da tan dubu, ta ɓoye. Japan ma ta zarce, har ta ƙera jiragen ajin Mogami da igwa 15 ƙanana, da ta fita daga yarjejeniyar ta sauke su ta ɗora manya guda 10. In ka duba jirgi da kyau, za ka karanta tsoron ƙasar da ta ƙera shi, da aljihunta, har da halinta wajen cika alkawari.

Yaƙin Duniya na Biyu ya gwada kowane zaɓi. A watan Maris na 1941, kusa da Matapan a kudancin Girka, jiragen Ingila masu na'urar rada suka riski Zara da Fiume da Pola cikin dare. Italiyawa ba su da rada, ba su ankara ba sai da wuta ta tashi. Duka ukun suka nutse, mutum fiye da 2,000 suka halaka. Sulken da aka karya yarjejeniya dominsa bai hana komai ba. Ranar 5 ga Afrilun 1942 kuma jiragen saman Japan suka nutsar da Cornwall da Dorsetshire na Ingila kusa da Silon, wadda ake kira Siri Lanka yanzu, ba tare da sun ga jirgin ruwan abokan gaba ko ɗaya ba. A Oktoban 1967 ƙananan kwale-kwalen Masar suka harba makamai masu linzami suka nutsar da jirgin Isra'ila mai suna Eilat. Daga nan zamanin babbar igwa ya kama hanyar ƙarewa. Amurka ta ajiye Newport News, na ƙarshe a cikin jiragenta na kuruza masu igwa mai inci 8 da ke aiki, a 1975. Kuruzar zamani makamai masu linzami take ɗauka, amma girma bai zama kariya ba: Moskva ta Rasha ta nutse a Bahar Aswad a Afrilun 2022.

To mu fa? Nijeriya ba ta taɓa mallakar kuruza ba, amma an taɓa yin kuruza mai sunanta. HMS Nigeria jirgin Ingila ne mai igwa 12 masu inci 6, ya fara aiki a 1940, aka illata shi a hanyar kai agaji Malta a Agustan 1942, aka gyara shi. Daga baya aka sayar wa Indiya, ya koma INS Mysore a 1957. Sunanmu ya yi yawo a teku, jirgin kuwa na wasu ne.

Rundunar sojan ruwanmu an kafa ta a 1956. Babban jirginta na farko da aka ƙera sabo shi ne NNS Nigeria, wanda aka yi a ƙasar Holan, ya fara aiki a 1965. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin kuruza ba, amma da yaƙin basasa ya ɓarke shi ya jagoranci toshe hanyar teku, ya kuma raka sojojin Benjamin Adekunle suka sauka a Boni a Yulin 1967, sannan Kalaba a Oktoba. Kama Boni, tashar fitar da mai, ya raba Biyafara da kuɗin mai tun farkon yaƙin. Toshewar kuma tana cikin abubuwan da suka jawo yunwar da ta kashe fararen hula masu ɗimbin yawa, musamman yara. Mai rubuta labarin jirgin yaƙi ya riƙe wannan: aikin jirgi ba ya tsayawa a kan ruwa, yana kai wa har tukunyar mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Da kuɗin mai suka bunƙasa, a 1977 gwamnati ta ba kamfanin Blohm + Voss na Hambog a Jamus kwangilar wani jirgi na zamani. Aka jefa shi ruwa a 1980, ya fara aiki a 1982 da suna na Hausa: NNS Aradu. Tsawonsa ya haura mita 125, nauyinsa ya wuce tan 3,000, gudunsa ya kai kimanin kilomita 56 a sa'a. Yana da igwa mai milimita 127, da makamai masu linzami, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Shi ne na farko a cikin jiragen da kamfanin ya yi da tsarin MEKO, inda ake saka makamai rukuni-rukuni don a iya cirewa a sauya. Amma bai daɗe da zuwa ba farashin mai ya faɗi, darajar naira ta bi shi, kayan gyara kuwa sai da kuɗin waje. A 1987 ya kafe a ƙasa, ya kuma yi karo. Ya shafe shekaru ana gyara. An farfaɗo da shi ya je Ingila a 2005 bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga, ya je Barazil a 2007, bayan nan ya daɗe a ɗaure a Legas. Abokan gaba ba su taɓa Aradu ba. Abin da kawu ya tambaye ni shi ya kwantar da shi.

Rundunar ta ɗauki darasi, ta koma ga abin da za ta iya ƙerawa da riƙewa. A 2012 aka ƙaddamar da NNS Andoni wanda aka ƙera a Legas. A Disamban 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da na biyu, NNS Karaduwa, mai tsawon kusan mita 40. Karaduwa dai kogin nan ne namu na Katsina wanda aka tare aka yi madatsar Zobe. Ƙaramin jirgi ne, amma aikin da ke gabansa, wato 'yan fashin teku da ɓarayin mai a mashigin Gini, ba ya buƙatar kuruza.

Sunayen ma abin lura ne. An taɓa sa wa jirage huɗu sunan dabba ɗaya a harsuna huɗu: Dorina, Otobo, Erinomi da Enyimiri. Wasu uku kuma Damisa, Ekpe da Agu. A 2022 aka kawo NNS Kada. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana raba sunayen jiragenta tsakanin harsunanta don kowa ya ga nasa. Sunan jirgi siyasa ne. Kafin ka raɗa wa naka, ka tambayi kanka wa ake son farantawa a ƙasar taka.

Ga yadda na sake Guguwa bayan wannan karatu. Na fara da tambayar me Dausayi ke tsoro. Na yanke cewa hatsinta ta teku yake shigowa, maƙwabciyarta kuma na iya toshe hanyar. Don haka jirgin rakiya take buƙata, mai jure tafiya, mai kare kansa daga sama. Na tsaya a tan 10,000, tsawo mita 180. Na sauke igwa 19 na bar ɗaya, na sa rada da makamai masu linzami. Na rage sulke don in sami wurin mai. Na ba shi ma'aikata 400, na yi lissafi: ci uku a rana kwano 1,200 ke nan, a wata guda 36,000. Nan take mai kula da rumbun abinci ya zama mutum mai muhimmanci a labarin. In yana tafiyar tattalin mai ta kilomita 30 a sa'a, kilomita 720 zai ci a yini da kwana, don haka ba zai kai ɗauki wuri mai nisan kilomita 2,000 cikin dare ɗaya ba, komai kukan jaruma.

Sannan na ba shi rauni. Dausayi bashi ta ci ta saye shi, guda ɗaya tak, injinsa kuma sai ƙasar da ta ƙera shi ke iya buɗewa. Ranar da ƙasar ta juya baya, kyaftin yana da jirgi mafi ƙarfi a yankin da kayan gyaran wata uku. A nan labarina ya sami rai. Jirgin farko da ba ya nutsewa bai bar wa mai karatu abin fargaba ba.

Ba na cewa a daina ƙirƙira. Bello Kagara ya kai Gandoki ƙasashen aljanu, amma daga yaƙin Kwantagora da Turawa ya taso da shi, abin da mutanen zamaninsa suka sani da idonsu. Ƙafa ɗaya a kan gaskiya ita ke ba ɗayar damar tsalle.

Na koma na karanta wa kawu sabon babin. Da na kai inda injiniya ke ƙirga sauran kayan gyara da fitilar hannu, sai ya ce, "Yanzu kam na ji warin mai."

Mai rubuta labarin jirgi, ko tankar yaƙi, ko fadar wani sarki da bai taɓa wanzuwa ba, ya gwada amsa tambayoyin nan uku kafin ya ci gaba: wa ya biya, wa zai gyara, me aka bari don a sami abin da aka samu? Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.