Aska da zabira: tarihin kayan wanzanci a ƙasar Ƙwanni da Adar

1. Gabatarwa

Wannan ɗan nazari ya shafi aska, wadda ita ce uwar kayan aikin wanzami, a gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa. Za a duba asalin kalmomin sana'ar, da inda ƙarfen askar yake fitowa, da kuma dalilan da suka sa tsofaffin asake suke ɓacewa tare da sunayensu.

2. Kalmomin sana'a

Aska da aski da aske tushensu ɗaya ne, jam'in aska kuwa asake. Ita kalmar wanzami ta wuce iyakar ƙasar Hausa: Zabarmawa suna cewa wanzam, haka ma mutanen Gana suke kiran mai yin kaciya ta gargajiya. Akwai masanan da suke danganta ta da kalmar Larabci hajjam, watau mai yin ƙaho. In haka ne, ƙaho ne ya ba sana'ar suna, aski ya shigo ƙarƙashinsa.

Karin harshen yankin na yamma ne, irin wanda Bernard Caron ya bayyana cikin littafinsa kan Hausar Adar a 1991. A nan h ko hw ke zama a gurbin f ta daidaitacciyar Hausa. Saboda haka wanzamin Illela gyaran huska yake yi, kuma a kan hwata yake goga askarsa.

3. Maƙeri da wanzami

Ba wanzami ke ƙera askarsa ba, maƙeri ke ƙera masa. Ƙasar Adar kuwa ta shahara da narkar da tama tun kafin zuwan Turawa. Nicole Echard ta yi bincike a kan maƙeran Adar cikin shekarun 1960, har ta ɗauki fim na wannan aiki, a lokacin da ya riga ya kama hanyar gushewa. Abin da ya kashe shi shi ne yawaitar tsohon ƙarfe na Turai, musamman na motoci, wanda ya fi tama sauƙin samu. Daga nan asake suka kasu kashi biyu: na tama, waɗanda ake gado, da na tsohon ƙarfe. Siffarsu ɗaya ce, amma tarihinsu daban.

A cikin zabira kowane aiki da askarsa: akwai askar aski, da ta kaciya, da ƴar ƙarama ta tsaga, da ta cire belu. Tare da su akan sami ƙaho da almakashi da dutsen washi. Yadda ake askin kuwa, wanzami yakan jiƙa kai da ruwa, ya murza da tafin hannu har gashi ya yi laushi, wani lokaci ya haɗa da sabulun salo, sa'an nan ya ɗora aska daga ƙeya ya nufo gaba. Daga nan ne aka sami karin maganar nan mai cewa in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi.

4. Aska da sarauta

Wanzanci sana'ar gado ce, kuma tana da shugabanta, Sarkin Aska, wanda sarkin gari ke naɗawa. Wannan ya nuna cewa aikin aska ya shafi jama'a baki ɗaya. Da ita ake askin suna ran bakwai, da ita ake yi wa yaro zanen da zai nuna asalinsa. A yankin da Gobirawa da Adarawa da Ƙwannawa da Abzinawa suka cuɗanya, wannan zane shaida ce babba. Djibo Hamani, cikin littafinsa kan tarihin Adar na 1975, ya nuna yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar da Illela ta zama mazauninta daga baya. A irin wannan zama, fuskar mutum ita ke faɗin inda ya fito tun bai buɗe baki ba.

5. Zuwan reza

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙwanni, bayan haka Faransa da Ingila suka shata iyaka dab da garin. Iyakar nan ta zama ƙofar shigowar kaya, har da kalmomi. Ko da yake Faransanci ne harshen hukuma a wancan zamani, kalmar reza daga Ingilishi ta fito, ta hanyar kasuwannin Sakkwato da Kano.

Kamfanin Gillette na Amurka ya fara sayar da reza a 1903, Wilkinson Sword ya fito da wadda ba ta tsatsa a 1962, Bic kuma ya kawo ta roba, wadda ake yarwa bayan aiki, a 1975. Amma abin da ya fi girgiza askar gado shi ne cutar sida, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Nijar a 1987. Ma'aikatan lafiya suka yi ta gargaɗi a kan aska ɗaya da ke bin kawuna da yawa, kuma gargaɗin yana kan gaskiya. Iyaye suka fara zuwa wurin suna da sabuwar reza a hannu. Dokar 2003 kuma ta haramta kaciyar mata, zanen fuska ya ja da baya, injin aski ya cika tashoshi.

6. Kammalawa

Askar da aka daina aiki da ita takan yi tsatsa a gindin zabira, ko a mayar wa maƙeri ya yi wani abu da ita. Mai son adana ta sai ya yi hattara. Goge tsatsa da yashi ko wasa baki da ƙarfi yana share alamun guduma, alhali su ne ke bambanta hannun wannan maƙeri da na wancan. Ya isa a share ta da tsumma, a shafa mata ɗan mai, a ajiye inda babu laima, a kuma raba ta da fatar zabira, domin fata tana riƙe danshi.

Sai dai ƙarfe kaɗai ba ya magana. Kowace aska tana bukatar a rubuta sunanta da lafazin mai ita, da aikin da take yi, da garin maƙerinta, da yawan hannuwan da ta bi. Tsofaffin wanzaman Ƙwanni da Malbaza da Illela su ne ke riƙe da wannan sani. Ya kamata masu nazarin harshe da ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai su haɗa hannu, su same su tun suna da rai.