Noman Tabar Wiwi a Dazukan Kudu: Abin da Ɗan Ci-rani da Direban Shanu Ya Kamata Su Sani

A wajenmu Gamawa, da zarar an shiga ƙarshen Agusta aikin gona ya yi sauƙi. An gama maimai, gero ya fitar da kai, sai jiran kaka. A wannan tsakanin ne wasu samari ke ɗarewa bayan tirelar shanu su gangaro Kudu neman na kashewa. To, daidai lokacin ne kuma masu gonakin wiwi a dazukan Ondo da Edo ke neman ma'aikata ido rufe, domin shukarsu ta kusa isa girbi. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na sha bin mota daga Azare zuwa Akure da Benin da Legas, shi ya sa na tattara wannan bayani domin 'yan uwa mazauna Sabo da zango da kara.

Wace shuka ce?

Sunanta na kimiyya Cannabis sativa. Yarabawa na ce mata igbo, a takardun kotu kuma Indian hemp ake rubutawa. Shuka ce mai shekara ɗaya, tana iya fin mutum tsawo. Sinadarin da ke bugarwa, wato THC, ya fi taruwa a furen macen shukar.

Bahaushe na iya ruɗewa da ita, domin ganyenta ya yi kama da na ramar da muke kwaɗo da ita. Ga bambancin. Rama tana fitar da babban fure mai ruwan ɗorawa da duhun ja a tsakiya, irin na kuɓewa. Wiwi ba ta da irin wannan fure, nata a cure yake, ga danƙo. Ganyen wiwi yatsu ne sirara, galibi 5 ko 7 ko 9, bakinsu kamar haƙoran zarto. Shi ma rogo ganyensa yatsu ne, amma bakinsa sumul yake. Sai kuma wari: gonar wiwi da ta nuna, tun kafin ka gan ta hancinka zai gaya maka.

Yadda ta shigo da inda ake noma ta

Masana tarihi da dama na danganta yaɗuwarta a Najeriya da sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Daga baya ta zama sana'ar ɓoye a jihohin da ke da ruwan sama mai yawa da daji mai duhu: Ondo, Edo, Ekiti, Osun, Oyo, Ogun da Delta. Sunayen da suka fi fitowa a labaran kame su ne Ogbese da dajin Ala da yankin Owo a Ondo, Uzebba a Edo, da Abbi a Delta.

Akasari a cikin gandun dajin gwamnati ake yi. A sare itatuwa, a ƙone, a shuka can ciki inda mota ba ta shiga, sai babur ko ƙafa. Noman damina ne, ana girbi idan ruwa ya fara ja baya, a shanya, a danna a buhu. Shi ya sa daga ƙarshen damina zuwa farkon rani za ka yi ta jin an lalata gonaki, an kama rumbuna.

Kasuwarta kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha.

Rumfunan gilashi da ake gani a waya

Yanzu yara na ganin bidiyo a TikTok da Facebook, Bature a tsaye cikin rumfar gilashi ko ta leda cike da wiwi, yana bayani hankalinsa kwance. A ƙasashe masu sanyi ana kafa irin waɗannan rumfuna ne don kare shuka daga sanyi da ruwa a ƙarshen bazararsu, wajen Satumba zuwa Oktoba. Abin lura shi ne, can dokarsu ce ta ba su dama. Uruguwai ta halatta a 2013, Kanada a Oktoban 2018, Jamus ta sassauta a Afrilun 2024. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noman ta don magani a 2017, Maroko ta yi irin wannan doka a 2021.

A nan gida, marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kira a halatta noman ta don magani. An yi ta muhawara har a majalisa, amma ba a halatta ba. Duk wanda ya ce maka gonarsa "ta magani ce, akwai takarda", ka ɗauki takalminka.

Abin da doka ta tanada

Dokoki biyu ne manya. Ta farko dokar soja mai lamba 19 ta 1966, zamanin Janar Ironsi, wadda ta sa hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka wiwi. Ta biyu ita ce dokar da ta kafa hukumar NDLEA, mai lamba 48 ta 1989. Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancin hukumar a Janairun 2021. Ga abin da dokarta ta ce a taƙaice:

Shukawa, sarrafawa, safara ko sayarwa: hukuncin na iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

A same ka da ita, ko kana sha: shekara 15 zuwa 25.

Ka bari a ajiye a gidanka ko shagonka: har shekara 25.

Haɗa baki ko taimakawa: shekara 15 zuwa 25.

A Babbar Kotun Tarayya ake shari'ar, kuma ana iya ƙwace mota da dukiyar da aka yi harkar da su. A aikace alƙalai kan yanke ƙasa da haka, amma wannan ba abin dogaro ba ne.

Inda namu ke faɗawa

Na ɗaya, leburanci. Wani zai zo bakin kasuwa ya ce yana neman masu aikin gonar rogo ko koko, kuɗi ya ninka na ko'ina, ga abinci. Sai an yi tafiyar awanni a babur sannan yaro ya ga abin da ake nomawa. Babu sabis ɗin waya, bai san hanyar fita ba, kuɗinsa kuma sai bayan girbi. Ranar da jami'ai suka shigo, mai gonar yana cikin gari. Wanda aka samu da adda a hannu shi ake ɗaurewa.

Na biyu, motar da ke komawa Arewa. An sauke shanu, tirela ba kaya, direba na neman lodin da zai rage masa kuɗin gas. Akwai wani direba da ya daɗe yana ɗaukar wa Babanmu shanu, mutum mai iyali. Ya yi lodin manja daga Benin, sai wani ya roƙe shi ya ɗora masa buhuna kaɗan, wai garin kwaki ne, ya biya ninki biyu. Tsakanin Okene da Lokoja aka tare su aka farke buhu. Lambar mai kayan ba ta sake shiga ba. Shi da yaron motarsa suka tafi, motar ma aka riƙe.

Na uku, ajiya. "Riƙe min jakar nan zuwa gobe" ta kai masu shayi da masu gadi da yawa gidan yari.

Akwai kuma sunan al'umma. Mun ga yadda aka yi a Janairun 2021 lokacin da gwamnatin Ondo ta ba makiyaya kwana 7 su fice daga gandun daji. Idan aka kama ɗan Arewa ɗaya a gonar wiwi, duk mazauna zango ne ke shan kallo.

Illarta ga mai sha

Likitoci sun tabbatar cewa yawan shan ta, musamman ga matashi, na ƙara haɗarin taɓin hankali da mantuwa da mutuwar zuciya. Irin masu ƙarfi da ake kira Loud, da Colorado wadda haɗin sinadarai ce, sun fi saurin kayar da mutum. Malamanmu kuma sun daɗe da bayyana haramcinta, tunda tana gusar da hankali. Wanda abin ya kama, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba da ke Legas, Aro a Abeokuta, da Uselu a Benin.

Kafin ka karɓi aiki ko kaya

Ka tambayi sunan ƙauyen da abin da ake nomawa, ka sanar da Sarkin Hausawa ko mai masaukinka inda za ka. Kada ka yarda a karɓe maka waya. Direba ya buɗe kowane buhu da idonsa, ya yi lodi ta hannun 'yan kamasho da aka sani, ya riƙe takardar kaya mai sunan mai su. Idan tsautsayi ya faɗa, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta da lauya. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta.

Masu ƙanne a Gamawa, Udubo, Azare da kewaye da ke shirin tahowa bana, don Allah a karanta musu wannan kafin su hau mota. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu da kwaɗayi.