Dausayin Haɗejia da Nguru

Dausayin Haɗejia da Nguru wani faffaɗan yanki ne na fadamu da tafkuna da ƙoramu wanda ya ratsa arewa maso gabashin Jihar Jigawa da yammacin Jihar Yobe. Kogin Haɗejia da Kogin Jama'are ne ke shayar da shi, sa'an nan su haɗe kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke malala zuwa Tafkin Chadi.

Rayuwar dausayin ta dogara ne ga zuwan ruwa da kuma janyewarsa. A ƙarshen damina kogunan kan cika su batse, ruwa ya shimfiɗu a fadamu, kifi ya yi ƙwai, shinkafa ta nuna. Idan ruwan ya janye, manoma kan bi lemar da ya bari su shuka wake da kayan lambu, makiyaya kuma su samu ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Wani ɓangare na ruwan yakan nutse cikin ƙasa, kuma shi ne ke ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da bakin kogi, abin da ba kowa ke lura da shi ba sai ranar da rijiya ta ƙafe. A lokacin hunturu tsuntsaye masu ɗimbin yawa kan taso daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a nan.

Saboda wannan muhimmanci aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da dausayin Baturiya a Jigawa da Tafkin Dagona a Yobe.

Matsalolin da ake fuskanta

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a Jihar Kano. Sun amfani noman rani da samar da ruwan sha, amma sun sauya tafiyar Kogin Haɗejia: ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har cikin rani a wuraren da a da suke bushewa. Wannan ne ya ba ciyawar kachala damar yaɗuwa. Kachala ba ta son ƙasa ta bushe. Inda ruwa ya kwanta shekara zagaye, nan take kafuwa, ta tare yashi da laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma da ke ƙasa da su ruwan bai isa gare su ba. A cikinta ne kuma tsuntsayen jan-baki ke samun mafaka, su fito su afka wa gero da dawa da shinkafa.

Sauyin yanayi ya ƙara tsananta lamarin. Ruwan sama kan sauko da yawa cikin ƙanƙanin lokaci, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022, kuma toshasshiyar hanya ba ta iya ɗaukar irin wannan ruwa.

Matakan kariya

A 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da ruwan waɗannan koguna. Sai dai babban aikin yana hannun mazauna yankin. Yashe hanyoyin ruwa ta aikin gayya yana da amfani matuƙar ana maimaita shi kowace shekara, kuma kachala ta fi mutuwa idan aka yanke ta ƙarƙashin ruwa. Ana kira ga sarakunan ruwa da su hana amfani da taru mai ƙananan idanu da zuba guba a tafki. Hakimai da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su tabbatar ba a nome burtali da mashayar dabbobi ba, kuma ba a sare goruba da sauran itatuwan bakin kogi da ke riƙe gaɓa ba. Kafin a haƙa sabuwar hanyar ruwa ko a datse tsohuwa, a tuntuɓi garuruwan da ke ƙasa da kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are.