Duwatsun Gashaka da Abin da Suka Tsare Mana

Mutanen da suka ce gani ya kori ji. Na daɗe ina cin karo da sunan Gashaka cikin tsofaffin takardun ofis, na rangadi da na jangali, ban san kome game da ita ba sai cewa ƙasa ce mai nisa, mai wuyar shiga. Da Allah ya nufa na je da ƙafata cikin watan Janairu, na hau duwatsunta, na ga namun dajinta, sai wata tambaya ta tsaya mini a rai. Ga shi a yawancin ƙasarmu daji ya ƙare, yaro ya kan girma bai taɓa ganin ko gada ba. To, ƙaƙa aka yi wannan daji ya saura? Amsar tana cikin tarihin wurin, shi ne kuwa na ke so in ɗan bayyana wa mai karatu.

Gandun Dajin Gashaka da Gumti yana gabashin Nijeriya, a bakin iyakarmu da Kamaru. Yankin Gashaka yana kudu, cikin Jihar Taraba, yankin Gumti kuwa yana arewa, ya shiga Jihar Adamawa. Faɗinsa ya kai murabba'in mil 2,600, babu gandun dajin da ya kai shi girma a Nijeriya duka. Arewacinsa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin wanda muka saba gani. Kudancinsa kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu. A nan ne Cappal Waddi ya ke, dutsen da ya fi ko wane dutse tsawo a Nijeriya, ƙafa 7,936, watau mita 2,419. Yawancin sunayen wurin na Fillanci ne: cappal tudu ke nan, mayo kogi, Cappal Hendu kuwa tudun iska.

Tun kafin jihadi akwai mutane a wannan ƙasa, kamar su Jibawa da Ndoro da Dakawa, da Mambila can bisa tsauni. Suna noma a kwari, suna farauta, suna su a koguna. Sa'ad da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa mulkin Adamawa, har ya zauna Yola cikin 1841, sai jarumawansa suka yi ta kutsawa kudu. Fulanin Konca da Banyo su ne suka kai ga wannan yanki, Gashaka ta zama garin sarauta, tana bin Lamiɗon Adamawa. Zamanin kuwa na yaƙi ne da kamun bayi. Ƙauyuka da yawa suka watse, waɗanda suka tsira suka gudu suka hau duwatsu, inda doki ba ya iya binsu. Kwarin da dā a ke nomawa ya koma daji. Wannan shi ne dalili na farko, kuma ba abin alfahari ba ne: wahalar mutane ita ta buɗe wa namun daji fili.

Sa'an nan Turawa suka zo, suka raba Adamawa biyu tun suna can ƙasarsu. Turawan Ingila suka ci Yola cikin 1901, Jamusawa kuwa suka ɗauki yawancin ƙasar da ke bin Lamiɗo, har da Banyo da Gashaka, suka haɗa da Kamaru. Jamusawa suka gina kagara bisa wani tudu kusa da garin Gashaka don tsaron hanya. Na hau na ga kufanta. Bangon dutse ne, ya rushe, itatuwa sun tsiro a ciki, amma in ka tsaya a kai kana hangen kwarin duka, sai ka gane abin da ya sa suka zaɓi wurin. Ba su daɗe ba. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914, sojan Nijeriya suka shiga Kamaru. Garwa ta faɗi cikin watan Yuni 1915, aka yi ɗauki-ba-daɗi a dutsen Banyo cikin Nuwamba na wannan shekara, kafin ƙarshen Fabrairu 1916 mulkin Jamus ya ƙare a Kamaru.

Bayan yaƙi aka sake raba ƙasar tsakanin Ingila da Faransa. Gashaka ta faɗa rabon Ingila, Banyo ta faɗa na Faransa, watau aka raba wa da ƙane. Ingila ba ta riƙe rabonta kamar sauran Nijeriya ba, amana aka ba ta cikin 1922, aka kuma sabunta amanar a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 1946. Don haka a ke ce da yankin Ƙasar Amana. A kan takarda ana mulkinta tare da Lardin Adamawa, amma daga Yola zuwa Gashaka tafiyar kwanaki ce da 'yan alaro, da damina kuwa koguna su cika su datse hanya. Kowa ya san abin amana, ba a kan kashe masa kuɗi kamar na gado. Hanyar mota ba ta iso da wuri ba, kanti bai zo ba, ba a kafa kasuwar gyaɗa ko ta auduga da za ta sa a sare daji ba. Wannan shi ne dalili na biyu.

Da mulkin kai ya matso, aka tambayi mutanen Ƙasar Amana ta arewa inda su ke so. A ƙuri'ar Nuwamba 1959 suka ce a dakata tukuna. A ta Fabrairu 1961 kuwa, kamar mutum 60 cikin 100 suka zaɓi Nijeriya. Ran 1 ga Yuni 1961 ƙasar ta shigo Jihar Arewa, aka sa mata suna Lardin Sardauna, don girmama Firimiya Sir Ahmadu Bello. Mai karatu ya lura, da ƙuri'ar nan ta juya, da yau dutsen da ya fi tsawo a Nijeriya wani ne dabam, da kuma wanda zai je Gashaka sai ya nemi fasfo.

Dalili na uku ƙanƙane ne a ido, amma ya fi soja tsaro. Kwarin Gashaka cike ya ke da tsando, mai sa wa shanu sammore, a bakin kogunansa kuma akwai ɗan baƙin ƙuda mai jawo makanta. Bauna da gwanki ba su damu da tsando ba, saniya ce ba ta iyawa. Saboda haka makiyaya suka ƙaurace wa kwari, suka nemi kan tudu, inda sanyi ya hana tsando zama, ciyawa kuwa ga ta lulluɓe da ƙasa. Tun wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce Fulani suka yi ta hawa da garkunansu Cappal Hendu da sauran tuddai, suka kafa rugage.

Cikin 1966 wasu masana da suka auna ƙasar kudancin Lardin Sardauna da na Adamawa suka ba da shawara a tsare waɗannan duwatsu, don daga cikinsu ne koguna ke ɓuɓɓugowa. Cikin 1972 gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe dajin, ta hana farauta. An yi wata dabara mai kyau a lokacin: ba a kori mutanen da aka tarar ba, aka shata musu wurare a cikin gandun, kamar Filinga da Sabere da Hendu da Gumti, inda za su yi noma da kiwo, bisa sharaɗin ba za su ƙetare iyaka ba. Cikin 1983 da 1984 bushiya ta shigo, ta kashe shanu, ta kuma yi wa ɓakane ɓarna ƙwarai. Cikin 1991, shekarar da aka raba Jihar Gongola aka fid da Taraba da Adamawa, Gwamnatin Tarayya ta haɗa Gashaka da Gumti ta mai da su gandun daji na ƙasa baki ɗaya, babban ofishinsa yana Serti.

Mai son zuwa, daga Jalingo zai bi ta Bali ya sauka Serti, ya karɓi takardar izini, a haɗa shi da ɗan gandu mai rakiya. Lokacin da ya fi kyau daga Disamba ne zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya janye, ciyawa ta kwanta. Daga Serti muka yi mil 20 da 'yan kai zuwa tsohon garin Gashaka. A wani gurbi na Mayo Kam muka tarad da dorinai, kunnuwa da hanci kaɗai a waje, kada kuma yana shan hantsi a kan yashi. Kashegari da asuba muka kama hanyar ƙafa zuwa Kwano, kamar mil 7, tsohuwar hanyar fatake ce mai hawa zuwa tuddai. Muka ga mazo, da gwambaza, da garken bika sun tare hanya ba su ko kula da mu ba, da wani biri baƙi mai farin gashi kamar ya yafa alkyabba, yana tsalle can ƙwanƙolin itace. Tsuntsaye kuwa ba a magana, an ƙidaya iri fiye da 500 a gandun.

A kurmin Kwano ne na ji abin da ba zan manta ba. Muna hutawa sai muka ji ihu daga nesa, da wani kiɗi, dim, dim, dim. Mai rakiyarmu ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, yi shiru, biri mai ganga ke nan.” Babban biri ne marar wutsiya, mai kama da mutum, ya kan doki saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa don ya sanad da 'yan'uwansa inda ya ke. Ban gan shi ba, sai sheƙar da ya yi da rassa a bisa itace ya kwana, da tsinkayen da ya gyara ya zura a rami don ciro zuma da kwarkwasa. Irinsa ba ya samuwa sai a Nijeriya da Kamaru, Gashaka kuwa tana cikin manyan mafakarsa da suka rage. Tun shekarar 2000 masana daga jami'ar Landan suka kafa sansani a Kwano don nazarinsa.

Daga Kwano hawa ne sosai, gwiwa ta san ta yi aiki. Kurmi ya ƙare, muka fita fili mai ciyawa sama da ƙafa 6,000, iska tana kaɗawa, sanyi kamar tsakiyar hunturu a Jos ko ya fi. Wani dattijon Bafillace ya tarye mu da ƙwaryar kindirmo. Da gari ya waye na ga gajimare a ƙarƙashina, na ga kuma ko wane kwazazzabo da ɗan kurminsa, ko wane kurmi da ɗan rafinsa yana gudu, alhali an yi wata biyu ba a yi ruwa ba. A nan na gane shawarar 1966. Iskar damina mai tasowa daga teku ta kan ci karo da duwatsun nan ta zub da ruwanta. Kurmi ya shanye shi kamar soso, ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har ƙarshen rani. Rafukan su haɗu su zama Kogin Taraba, Taraba ta faɗa Binuwai, Binuwai ta sadu da Kwara a Lakwaja. Ashe masunci a Ibi da mai noman rani a Makurɗi suna cin albarkacin dajin da ba su taɓa gani ba.

To, masu tsaron nan uku na dā duk sun kau. Yaƙin bayi ya wuce, alhamdu lillahi. Hanya ta iso, babur yana shiga inda dā sai ɗan alaro. Maganin sammore kuma yana kasuwa, shanu suna sauka kwari. Mafarauta suna ɗana tarkon waya, masu haƙar ma'adini suna tona bakin rafi, ana cinna wa daji wuta ba a kan kari ba. Cikin shekarun bayan 2010 masu sayen katakon maɗobiya don kai wa ƙasar Sin suka share dazuzzukan Taraba har suka iso bakin gandun. An kashe 'yan gandu a bakin aikinsu. Zaki da kyarkeci, waɗanda tsofaffi suka sani a Gumti, an daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Cikin 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors don a ƙara 'yan gandu, a horad da su, a kuma taimaki ƙauyukan kewaye da sana'a.

Wannan daji bai saura don hikimarmu ba, wuya da nisa da ƙuda suka tsare mana shi shekara da shekaru. Yanzu tsaron ya dawo hannun mutane: hukuma, da sarakuna, da makiyayi, da manomi, da baƙo mai zuwa kallo. Itacen kurmi da aka sare da hantsi ɗaya, jikan mai saran ma ba zai ga madadinsa ba, rafin da ya ƙafe kuwa ba a tono shi da takardar ofis. Wanda Allah ya hore wa hali ya je ya gani, ya tafi da 'ya'yansa, ya bi dokar wurin. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana, amin.