Gumakan Girka da Rum a Littattafan 'Ya'yanmu: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Kwanakin baya 'yata ta dawo daga makaranta a nan Ibadan da wani littafi mai hoton tsoho riƙe da tsawa a hannu. Na ce wane ne wannan? Ta ce wai Zeyus, sarkin alloli. Gabana ya faɗi. Ni da na tashi a Sabon Layi a Mubi, tatsuniyar da na sani ita ce ta Gizo da Ƙoƙi, wadda kakata ke yi mana bayan sallar isha'i. Har na kai hannu zan ƙwace littafin, sai na tuna a kansa za ta yi jarrabawa. To, na zauna na karanta, ga abin da na tattaro domin 'yan'uwa na Sabo, Agege, Shagamu da Fatakwal.

Daga ina labaran suka fito?

Girkawan dā sun yi ta ba da su da baka kafin a rubuta. Manyan tushensu su ne waƙoƙin Homa guda biyu, Iliyad da Odisi, da na Hesiyod, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rumawa suka daidaita yawancin gumakansu da na Girkawa, suka ari labaransu. Bautarsu ta mutu bayan Sarki Tiyodosiyus ya haramta ta a wajen shekara ta 391 zuwa 392. Yau a makaranta adabi ne da tarihi.

Manyan gumakan

Sun ce manyan su goma sha biyu ne, suna zaune a kan Dutsen Olimfus. Zeyus ne shugaba, mai sama da tsawa, Rumawa na ce masa Jufita. Matarsa Hera, ta aure, ita ce Juno. Fosaidon na teku shi ne Naftun. Atina ta hikima ita ce Minaba. Ares na yaƙi shi ne Mas. Afrodita ta soyayya ita ce Binas. Hefestus maƙeri shi ne Bolkan. Hedis kuwa ba ya kan dutsen, lahirarsu yake mulka.

Mu da ke ƙasar Yarabawa ai mun san irin wannan rabon aiki: Shango na tsawa, Ogun na ƙarfe. A ƙasar Hausa ma 'yan bori sun tsara iskoki gida-gida a birninsu na Jangare, akwai Sarkin Aljan, Inna, Ɗan Galadima da Sarkin Rafi. Haka mutanen da wahayi bai iso musu ba kan yi, kowane abin tsoro su ba shi mai shi.

Ire-iren labaran

Na farko, na asalin duniya, inda suka ce komai ya fito daga wani sarari mai ruɗani, sannan Gaya, wato ƙasa, ta haifi sama.

Na biyu, masu bayyana dalilin abu. Wai Arakni masaƙiya ce ta yi wa Atina gasa da alfahari, aka mayar da ita gizo-gizo, shi ya sa har yau yake saƙa.

Na uku, na jarumai, irin Herakilis da ayyukansa goma sha biyu, ko Fasiyus da ya kashe dodon teku ya auri 'yar sarki Andiromida. Kun ga kama da Bayajida, baƙon da ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri Daurama.

Na huɗu, na kafuwar gari, kamar tagwaye Romulus da Remus da aka ce sun kafa birnin Rum a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa.

Darussan da ke ciki

Ikarus mahaifinsa ya haɗa masa fukafukai da kakin zuma, ya gargaɗe shi kada ya kusanci rana. Yaro ya ƙi ji, kakin ya narke, ya faɗa teku. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Sarki Midas ya roƙi duk abin da ya taɓa ya zama zinariya, sai abincinsa ma ya zama zinariya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wasu tsofaffi talakawa, Bawkis da Filimon, su kaɗai suka karɓi baƙi biyu da gari ya kora, suka tsira, gari ya nutse. Mu da muke zaman baƙunci ba sai an yi mana fassarar wannan ba.

Amma fa gumakan kansu ba abin koyi ba ne. Suna ƙarya, suna kishi, suna neman matan mutane. Tun a zamaninsu Aflaton ya soki mawaƙa kan haka.

Sun riga sun shigo bakinmu

Janairu daga Janus ne, Maris daga Mas, Yuni daga Juno. Tauraruwar da muke kira Zara matar wata ita ce Turawa suka sa wa sunan Binas. Wasannin Olamfik, inda 'yan ƙwallonmu suka ci zinariya a Atlanta a 1996, sun samo asali daga bikin Zeyus da ake ƙirga farkonsa daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa. Takalmin Nike ma sunan gunkiyar nasara ce. Wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, da aka fara nunawa a 1968, labarin Idifus ne ya mayar ƙasar Yarabawa.

Shawarata

Sanin labari daban, imani da shi daban. Alƙur'ani ma ya ambaci Lata da Uzza da Manata don ya rushe su. Na mayar wa 'yata littafinta, da sharaɗin duk labarin da ta karanta za ta zo ta ba ni, ni kuma in ba ta na Gizo, kuma Islamiyya ba fashi. Wanda abin ya ɗaure masa kai, ya tambayi malamin unguwarsa. In muka ƙwace littafin muka yi shiru, a waya za su ji labarin, ba kuwa mai warware musu.